Numfashin Ɗigo

Kwana tara ke nan rabon Mai Sikeli da layinsu, kwana uku kuma Ɗigo tana tari.

Ubanta, Kafinta, ya ɗiga madarar a bayan hannunsa, ya ji ta yi daidai, ya sake kai wa yarinyar kwalbar. Ta kama, ta zuƙa sau biyu, ta saki tana haki kamar wadda ta sha gudu. Watanta bakwai a duniya. Uwarta ta rasu kwana biyu da haihuwarta, ta bar ta 'yar mitsitsiya, ma'aikatan asibiti suka riƙa ce mata Ɗigo, sunan ya biyo ta har gida.

"Haƙori ne," in ji Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta dawo gidan tun bayan rasuwar don ta taya shi raino. "Kai ma haka ka yi mana. Sati guda ka hana mutane barci, ga ka nan ƙato."

"Gwaggo, tun asuba ko rabin kwalba ba ta sha ba. Dubi yadda ƙirjinta yake yi."

"Na shafa mata mai, na lulluɓe ta. Ka tafi shagonka, mai kujerun nan ya aiko sau biyu."

Bai tafi ba. Ya ɗauki waya, ya juya ta, ya ajiye.

Mai Sikeli ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa. Ita ke bin gida-gida da sikeli a jaka tana auna jarirai, shi ya sa babba da yaro ba su san ta da wani suna ba. Ita ta koya masa haɗa madara, da tafasa kwalba, da yadda zai kifa Ɗigo a kafaɗa har ta yi gyatsa. Tun tana zuwa don yarinyar kaɗai, har ya zamana in ta rufe littafinta ba ta saurin tashi. Wata guda da ya wuce ya faɗa mata abin da ke ransa. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce a'a ba.

Wadda ta ce a'a ita ce Ummanta. Akwai wani likita a babban asibiti, ɗan aminiyar Umma, shekara biyu yana neman auren Mai Sikeli tana ja masa lokaci. Da Umma ta ji labarin kafinta mai jaririya, sai ta daina amsa gaisuwar 'yarta, ta daina cin abin da ta dafa. Mai Sikeli ta zo ƙofar shagonsa ido jajir, ta ce ya goge lambarta. Washegari ta yi musayar layinsu da wata abokiyar aikinta.

Ya goge lambar a waya. A kansa ne ta ƙi goguwa.

Ɗigo ta sake sarƙewa da tari. Da ya lafa, ya ga leɓenta ya yi duhu-duhu. Ya fizgi tawul ya naɗe ta, ko takalmi bai tsaya ɗaurewa ba.

"Ina za ka da ita cikin iskar nan?"

Bai juyo ba.

*

Ranar awo ce, baranda cike da mata a kan benci, kowacce da katinta da ɗanta.

"Ga Maman Ɗigo nan ya iso!" in ji wata, aka kwashe da dariya, don haka suka saba tsokanarsa. Da suka ga fuskarsa sai dariyar ta mutu. Wata tsohuwa ta janye ƙafa ta ba shi hanya.

"Wuce, ɗan nan. Ku bar shi ya wuce."

Mai Sikeli tana tsaye tana rataya wani jariri a sikeli. Ta ɗago, suka haɗa ido, fuskarta ta ɗaure. Sai idonta ya sauka kan tawul ɗin. Ta miƙa wa uwar jaririn ɗanta ba ta ko karanta awon ba.

"Kwantar da ita nan. Ɗage mata riga."

Ta duƙa, ido ɗaya a kan agogon hannunta, ɗaya a kan cikin yarinyar. Bakinta yana motsi. Minti ɗaya ne, amma Kafinta ya ji kamar ya yini a tsaye.

"Numfashi sittin da takwas," ta ce. "Ka ga nan? Ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa duk lokacin da ta ja numfashi. Tun yaushe?"

"Tarin kwana uku. Hakin jiya ya fara."

"Kwana uku!" Muryarta ta yi rawa. "Baban Ɗigo, kwana uku kana zaune da ita? Me ya hana ka kira ni?"

"Ke kika ce in goge lambarki, Malama."

Hawaye ya cika mata ido, ta share da bayan hannu, ta juya ta fasa kwalbar allura.

"Riƙe mata cinya. Wannan na farko ne kawai, don ta kai hanya. Ya fi ƙarfinmu a nan, ba mu da iskar taimakon numfashi. Babban asibiti za ku yanzu-yanzu."

Ɗigo ko kukan kirki ba ta yi ba da allurar ta shiga, ɗan nishi kawai. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

Kafin ta gama rubuta takardar turawa, tsohuwar nan ta riga ta aika an kira maƙwabcinsa direba. Mai Sikeli ta ɗauki jakarta. Shugabar asibitin ta leƙo daga ofis ta dube ta ta saman tabarau.

"Layinsu ba naki ba ne yanzu."

"Na sani, ranki ya daɗe. In numfashinta ya tsaya a hanya, uban bai san abin da zai yi ba."

Shugabar ta dubi yarinyar, ta dubi dogon layin matan. "Je ki. Zan riƙe sikelin."

Suka shiga mota. Mai Sikeli ta ɗora Ɗigo a ƙirjinta a zaune, yatsunta biyu a bayan yarinyar. Direba ya danne oda tun daga bakin layi har ƙofar asibiti.

*

Ɗakin gaggawa na yara yana warin maganin wanke ƙasa. Wata nas ta karɓi takardar, ta maƙala wa Ɗigo wata 'yar na'ura mai auna iskar jini a babban yatsan ƙafa, lamba ta fito ja: tamanin da uku.

"Likita!" ta ƙwala kira.

Wani dogon mutum ya fito daga bayan labule yana cire safar hannu. Ya dubi Mai Sikeli, ya dubi Kafinta mai garin katako a gashin kai, ya sake dubanta. Ba wanda ya gabatar da wani. Kafinta ya gane shi daga yadda ta kawar da kai.

Likita ya duƙa. Ya sa abin awo a ƙirjin yarinyar, dama da hagu.

"A sa mata iska. A kawo min allurar jijiya."

Aka zura mata siririyar roba a hanci, aka manne da filasta a kumatu. Nas ta nemi jijiya a hannun dama, ta ɓace. Ta koma hagu, ta fashe. Kafinta yana riƙe da kan 'yarsa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Likita ya ce a matsa, ya ja kujera ya zauna, ya murza ƙafar yarinyar a hankali, ya soka sau ɗaya. Jini ya leƙo.

"Nimoniya ce," ya ce, yana rubutu, bai ɗago ba. "Ciwon ya kama huhun dama sosai. Za mu kwantar da ita. Ba za ta iya zuƙar kwalba ba tukuna, ta roba za a riƙa ba ta madara."

"Za ta tashi, ranka ya daɗe?"

"Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu. Kwana biyun farko su ne masu wuya."

A ƙofar ɗakin kwanciya wata babbar nas ta tare su da rajista a hannu.

"Mutum ɗaya ke zama da yaro, kuma uwa. Maza sai lokacin ziyara. Ina uwar?"

"Ni ne," in ji Kafinta.

"Malam, ba wasa nake ba." Ta juya ga Mai Sikeli. "Ke ce uwar?"

Mai Sikeli ta ƙura wa ƙasa ido. Likita, da ya biyo su da fayil, ya tsaya cak.

"Uwar ta rasu," ya ce. "Ki rubuta uba. A ba su gadon ƙarshe, a ja labule."

Ya wuce abinsa.

*

Gado goma sha biyu ne a ɗakin, kowanne da uwa a gefe a kan kujerar roba. Da farko suka riƙa gyara mayafi suna kallonsa a kaikaice. Kafin la'asar matar gadon kusa, wadda ake ce wa Maman Tagwaye, ta ga yadda yake canza wa Ɗigo ƙunzugu da hannu ɗaya ba tare da ya taɓa robar iskar ba, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Nawa mijin ko ɗaukar yaro bai iya ba, sai ka ce an miƙa masa tukunyar zafi."

Ita ta nuna masa inda ake samun ruwan zafi, da nas ɗin da ake iya tambaya sau biyu, da wadda ba a yi wa haka. Ta koya masa karanta lambar na'urar: in ta haura casa'in ya kwantar da hankali, in ta sauko ya kira. Daga nan idonsa bai ƙara barin lambar ba.

Mutanen layi ba su bar shi ba. Direba ya kawo bargo da butar shayi. Matar mai wanki ta kwashe tsumman Ɗigo ta dawo da su a goge. Mai kujerun da ya aiko sau biyu ya aiko na uku, ya ce a bar kujeru sai yarinya ta tashi. Mai Sikeli kuwa da ta tashi daga aiki ta biyo, ta tsaya a ƙafar gadon tana duba fayil, ba ta zauna ba.

Washegari da hantsi Gwaggo ta iso da kwanon abinci. Ta tsaya a kan Ɗigo, ga roba a hanci, ga roba a ƙafa, ta fashe da kuka.

"Ni na ce haƙori ne. Ni na hana ka."

"Ba laifinki ba ne, Gwaggo."

Ta share ido, ta matso da kujera, ta rage murya. "Direba ya ce likitan nan shi ne mai neman yarinyar nan taka. Gaskiya ne?"

"Shi ne."

"Kai ɗan nan! Duk likitocin duniya, ka rasa hannun da za ka sa 'yarka sai na wanda kuke neman mace ɗaya?"

"Shi ya samo jijiyar. Shi ya sa aka bar ni a ɗakin nan."

"To, Allah ya sa haka ne har cikinsa. Ni dai ban ce komai ba."

Ta tafi, maganar ta zauna.

Bayan azahar zazzaɓi ya rufe Ɗigo. Lambar ta fara sauka: casa'in, tamanin da takwas, tamanin da biyar. Na'urar ta ɗauki ƙara. Kan yarinyar ya riƙa gyaɗawa da kowane numfashi. Maman Tagwaye ta ruga ta kira nas, nas ta kira Likita. Aka ƙara ƙarfin iskar, aka zuƙe majinar hancinta, aka ce a fitar da uban waje.

Ya tsaya a baranda yana leƙe ta gilashi, ba ya ganin komai sai bayan fararen riguna. A irin wannan barandar ya tsaya wata bakwai da suka wuce, aka fito aka ce masa sai haƙuri.

Da Likita ya fito, Kafinta ya sha gabansa.

"Na canza mata magani," in ji Likita. "Na farkon bai riƙe ciwon ba. Yanzu sai mu jira."

"Me ya sa ba a ba ta wannan tun jiya ba?"

"Haka tsarin yake. Da wancan ake farawa."

Zai wuce, sai Kafinta ya zube a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, ya kama gefen rigarsa.

"Ranka ya daɗe, na san ka san ko ni wane ne. Na bar maka Mai Sikeli. Wallahi na bar maka. Ba zan ƙara kallon inda take ba, in ka ce in tashi daga unguwar zan tashi. Ka dai ceto min 'yata. Ita kaɗai gare ni."

Fuskar Likita ta canza. Ya fizge rigarsa.

"Tashi."

"Don girman Allah..."

"Na ce ka tashi! Me ka ɗauke ni? Kana nufin na rage wa jaririya magani saboda mace?" Muryarsa tana rawa don fushi. "Shekara goma ina aikin nan, ba a taɓa zagina irin na yau ba. A cikin ɗakin can ni likitanta ne, ko ɗan wa ta zama. A waje kuma ba na buƙatar kyautarka. Ranar Asabar manyana za su je gidansu, da izininka ko babu."

Sai idonsa ya tsallake kan Kafinta, ya tsaya. Kafinta ya waiga.

Mai Sikeli ce tsaye, taku biyar a bayansa, da gwangwanin madara a hannu. A gefenta wata dattijuwa mai kama da ita sak, ta harɗe hannu a ƙirji. Umma ce, ta biyo sawun 'yarta don ta mayar da ita gida.

"Kin ji da kunnenki," in ji Umma, a hankali. "Ban ƙara ko kalma ɗaya ba."

Kafinta ya miƙe da ƙyar, ya sake rusunawa. "Mama, ina wuni."

"Riƙe gaisuwarka. Allah ya ba yarinya lafiya, ita ba ta yi min komai ba. Amma kai, bari in tambaye ka. Mata kake nema ko mai raino?"

"Mama..."

"Matarka ko shekara ba ta yi a ƙasa ba. Ka ga mai zuwa da sikeli, ta iya haɗa madara, ta iya allura, ka ce so ne. Ni na yi irin auren nan. Na shiga gidan mutum da 'ya'ya uku, na wanke, na goya, na yi jinya. Har ya koma ga Allah da sunan matarsa ta fari yake kirana in ya yi tuntuɓen baki. Ba zan zuba ido 'yata ta sha abin da na sha ba."

"Umma, ya isa," in ji Mai Sikeli.

Ta tako ta ajiye gwangwanin a kan benci kusa da shi. Hawaye yana zuba, ba ta share ba.

"Cokali ɗaya a awo ɗaya na ruwa, kamar kullum," ta ce. "In ta fara karɓa."

"Malama, ki tsaya ki ji..."

"Na ji ai, Baban Ɗigo. Duka na ji."

Ta juya, Umma ta bi bayanta.

*

Kwana biyu Ɗigo tana tsakanin nan da can. Kafinta ya daina sanin ranaku, sai lokutan allura. Ya koyi tura madara ta roba da sirinji, a hankali, yana ƙirgawa. Likita yana zuwa safe da yamma, ya duba yarinyar ƙwarai, ya yi wa uban bayani a taƙaice, ba ya kallon idonsa. Sau ɗaya Kafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yafe min maganar nan." Likita ya ce, "Ɗaga mata hannu in ji bayanta."

Mai Sikeli ba ta zo ba.

Ranar Alhamis da safe zazzaɓin ya sauka. Ɗigo ta buɗe ido, ta kai hannu ta cafki robar hancinta za ta cire. Maman Tagwaye ta tafa.

"Ta fara ɓarna! Wallahi ta warke, mai ɓarna ba ya mutuwa yau."

Juma'a da hantsi Likita ya ce a rufe iskar a gani. Nas ta murɗa, ƙarar kumfar ruwan da ya saba ji kwana huɗu ta ɗauke. Kafinta ya kafa wa lambar ido. Casa'in da huɗu. Casa'in da biyu. Ya daina numfashi shi ma. Casa'in da uku. Casa'in da biyar. Ta tsaya nan.

Bayan awa guda aka ce ya gwada kwalba. Ɗigo ta kama, ta zuƙa, ta zuƙa, ba ta saki ba sai da ta ga ƙasanta. Ya kifa ta a kafaɗa, ta saki gyatsa mai ƙarfi, ɗakin ya ɗauki dariya. Shi kuwa ya cusa fuska a tawul, kafaɗunsa suna girgiza.

"In ta kwana haka, gobe ku tafi gida," in ji Likita. Ya rufe fayil, ya ɗan tsaya. "Mai Sikeli ta ce in dakatar da manyana. Kada ka yi murna, ta ce ba don kai ba ne. Kuma ni ban janye ba."

Da la'asar, lokacin ziyara, aka ɗaga labulen gadon. Mai Sikeli ce. Ta rame, idonta ya faɗa. Daga inda yake yana hango Umma a bakin ƙofar ɗakin, ta ƙi shigowa.

"Minti biyar ta ba ni," in ji Mai Sikeli.

Ɗigo ta gan ta, ta miƙa hannu biyu tana ƙananan kuka. Ta ɗauke ta, ta rungume, yatsunta suka tafi bayan yarinyar da kansu suna ƙirga.

"Arba'in da biyu," ta ce, ta saki ajiyar zuciya.

"Malama, na yi miki laifi."

"Wane laifi? Faɗa min, in ji ko ka sani."

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Ranar nan da raina ya ce in ba shi, da na bayar. In aka sake tsayar da ni tsakanin ranta da wani abu, ko mene ne, ita zan ɗauka. Ban iya cewa ba haka ba ne."

"Kana jin wannan ne ya hana ni barci kwana uku?" Hawaye ya ɓalle mata. "Da ka zaɓe ni ka bar ta, da na tsane ka har abada. Ba wannan ba ne. Ka durƙusa a gaban mutum ka ce ka bar masa ni. Ni kujera ce da ka ƙera? Yaushe na zama taka har da za ka bayar? Umma tana ja, shi yana ja, kai da nake ganin ka san darajata, kai ne ka miƙa ni ko tambayata ba ka yi ba."

Ya sunkuyar da kai. Matan ɗakin duk sun yi tsit, kowacce ta yi kamar tana gyara wa ɗanta riga.

"Ni ma da nawa laifin," ta ce. "Na ce ka goge lambata don in huta da faɗan Umma, yarinya ta kwana uku tana haki. Da ta mutu, da me zan ce wa Allah? Amma tambayar Umma tana nan, kuma ni ma yanzu ina son amsarta. Mata, ko mai raino?"

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Da farko ban san bambancin ba," ya ce. "Kina shigowa, hankalina ya kwanta, na ɗauka don ita ne. Kwana huɗun nan ni na yi mata komai. Na iya robar, na iya sirinjin, na iya lambar. Ga Gwaggo, ga mutanen layi, ga matan nan, ba a bar ni na rasa hannu ba. Amma ɗazu da ta shanye kwalbar nan, na waiga in gaya miki. Ba don ki yi min komai ba. Don dai ki ji. Da na ga ba kya nan, sai murnar ta zama rabi."

Ta rufe ido, hawaye yana bin kumatunta yana sauka a kan gashin Ɗigo.

"Ke!" Muryar Umma ta ratso ɗakin. "Lokaci ya yi. Ko ki fito mu tafi, ko ki zauna nan ɗin ya zama gidanki."

Mai Sikeli ta buɗe ido. Ɗigo ta damƙe wuyan rigarta gam. Ta sa hannu ta ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, yarinyar ta canyara kuka, ta miƙa masa ita.

"Riƙe 'yarka. Ka iya."

"Shi ke nan, Malama?"

"Abokiyar aikina za ta riƙa zuwa duba ta. Ni ba zan zo ba, kada ka neme ni. Ka ba ta maganinta har ya ƙare, ko ka ga kamar ta warke. Wata ɗaya. In ta yi ƙiba, ta koma ɓarnarta, ba abin da kuke buƙata a wurina, ka duba zuciyarka. In har lokacin maganar ɗazu tana nan, ka zo gidanmu ka faɗa wa Umma da bakinka. A tsaye, ba a durƙushe ba."

Ta nufi ƙofa. Umma, da ta ji ƙarshen maganar, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ya zo ɗin. Wallahi ba zan buɗe masa ƙofata ba."

Mai Sikeli ta tsaya a gaban uwarta. Ta karɓi jakar hannun Umma ta rataya a kafaɗarta, ta gyara mata mayafin da ya zame, cikin ladabi.

"Ba sai kin tashi ba, Umma," ta ce. "Ni zan buɗe."